Kasoa: Ƙauyen da Kasuwa ta Mai da Shi Birni

Matafiyin da ya bar Akara, babban birnin ƙasar Gana, ya nufi yamma a kan hanyar Cape Coast, zai wuce mararrabar da ake kira Malam, ya bar tafkin Weija a hannunsa na dama. Bayan tafiyar kilomita 30 ko kusa da haka, sai ya tarar da wata babbar gadar sama. A ƙarƙashinta ga motoci, ga rumfuna, ga masu talla, ba masaka tsinke. Wannan wuri shi ne Kasoa. Idan matafiyin Bahaushe ne sunan ba zai zame masa baƙo ba, gama kalmar nan ce "kasuwa" da bakin mutanen wurin ya lanƙwasa.

A shekarar 1970, sa'ad da aka ƙidaya mutanen Gana, mutum 863 aka samu a Kasoa. Bayan shekara 40, wato a 2010, aka sami mutum 69,384. Hausawa sukan ce ɗan hakin da ka rena shi ke tsone maka ido. Babu wanda ya tanadar wa wannan ƙauye tsarin birni, domin babu wanda ya zaci zai zama birni. Mutane ne suka fara zuwa, sa'an nan hanya da makaranta da hukuma suka biyo baya a makare. Labarin wannan makara, da na waɗanda suka biya kuɗinta, shi ne tarihin Kasoa.

Asalin garin da sunansa

Ƙasar da Kasoa take a kai ta mutanen Awutu ce, ɗaya daga cikin kabilun Guan, waɗanda ake lasafta su cikin mazauna Gana na farko. Sunan wurin na asali Odupongkpehe, har wa yau kuwa da shi ake kiransa a sha'anin sarauta. Mutanen Awutu manoma ne, suna noman rogo da masara da barkono. Kudu da su akwai masunta a bakin teku, a Nyanyano da Senya Beraku. Arewa akwai ƙauyukan noma na wajen Bawjiase. Gabas kuma ƙasar mutanen Ga ce, inda Akara take. A Odupongkpehe ne hanyar da ta taso daga Bawjiase zuwa Nyanyano ta gitta babbar hanyar bakin teku. Inda hanyoyi suka gitta juna kuwa, manomi da masunci sukan sami inda za su ajiye kaya su yi ciniki.

Hausawa sun daɗe da sanin ƙasar Gana. Fataucin goro ne ya kai su Gwanja tun ƙarnukan baya, Salaga kuwa ita ce babbar kasuwarsu. Sa'ad da yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, fatake suka bazu zuwa Kumasi da Kete Karachi da garuruwan bakin teku. Tun 1877 Turawan Ingila suka mai da mazaunin mulkinsu daga Cape Coast zuwa Akara, birnin da Hausawan can suke ce wa Ankara, saboda haka ciniki ya karkata wajen. Duk inda baƙin arewa suka sauka, akan kira unguwarsu zango. A zango kuwa Hausa ce harshen da ya haɗa Bahaushe da Badagombe da Bamoshe da Bazabarme da Bafillace.

Irin waɗannan 'yan kasuwa ne suka sauka a mararrabar Odupongkpehe da yardar masu ƙasa. Sukan kawo doya da hatsi da albasa da dabbobi, su sayi bandar kifi da garin rogo. Su dai "kasuwa" suke ce wa wurin. A hankali sunan ya kama bakin direbobi da fasinjoji, har ya danne na asali. Kasuwar tana ci ran Talata da ran Jumma'a, daga gare ta kuma garin ya sami sana'arsa ta fari.

Duk da haka wurin bai girma da sauri ba. A watan Nuwamba 1969 gwamnatin Firayim Minista Busia ta ba baƙi marasa takardar izinin zama mako biyu su bar ƙasar. Dubban 'yan Nijeriya da Nijar da Volta ta Sama suka tattara kayansu suka tafi, zangogi da yawa suka yi sanyi. 'Yan watanni bayan wannan ne aka yi ƙidayar da ta sami mutum 863 a Kasoa.

Yadda jama'a suka yi yawa

Ƙidayar 1984 ta sami mutum 2,597. Ta shekarar 2000 ta sami 34,719, wato cikin shekara 16 garin ya ninka kansa fiye da sau 13. Daga 2000 zuwa 2010 ya sāke ninkawa biyu. Mutanen Gana duka sun tashi daga miliyan 8.6 a 1970 zuwa miliyan 24.7 a 2010, kusan ninki uku ke nan. Kasoa kuwa ninki 80 ta yi. Haihuwa kaɗai ba ta iya kawo wannan. Ƙaura ce, mafi yawan masu ƙaurar kuma daga Akara suka fito.

Babban abin da ya koro su shi ne kuɗin haya. Dokar haya ta Gana ta 1963 ta hana mai gida karɓar kuɗin fiye da wata shida gaba ɗaya. Amma al'adar da ta kafu a Akara ita ce mai gida ya nemi kuɗin shekara biyu kafin ya miƙa mabuɗi. Malamin makaranta ko akawu ko direba yakan ci bashi ya biya, kafin ya gama biyan bashin kuma shekara biyun sun cika, mai gida ya ƙara kuɗi. Mutum yakan zauna ya yi lissafi, ya ga abin da zai zuba a haya sau biyu ko uku ya isa ya sayi fili a bayan gari. A shekarun 1990 filaye a Kasoa suna da araha ƙwarai idan aka gwada su da na Akara. Sai ya sayi fuloti, ya tara bulo kaɗan kaɗan, ya rufa ɗaki ɗaya ya shiga da iyalinsa, sauran ginin kuwa sai yadda hali ya yi. Wannan ne ya sa unguwanni irin su Opeikuma da Akweley da Ofaakor suka cika da gidajen da ake zaune a cikinsu alhali ba a gama su ba.

Abu na biyu shi ne yaƙin Laberiya. A 1990 aka buɗe sansanin 'yan gudun hijira a Buduburam, 'yan kilomitoci yamma da Kasoa, a kan hanyar Winneba. Dubban 'yan Laberiya suka zauna a can shekara da shekaru. Kasoa ce kasuwarsu mafi kusa, 'yan'uwansu da suke Amurka kuma suna aiko musu da kuɗi, saboda haka ciniki ya ƙaru. A ƙarshen watan Yuni 2012 aka daina lasafta 'yan Laberiya a matsayin 'yan gudun hijira, waɗansu suka koma gida, waɗansu suka zauna. Kafin wannan lokaci sansanin ya riga ya zama gari, gidaje kuma sun haɗe tsakaninsa da Kasoa.

Abu na uku, mutane suna jawo mutane. Inda ake gini dole a nemi birkila da kafinta da mai walda da mai sayar da siminti da mai tuya a bakin hanya. 'Yan ƙasashen maƙwabta, har da 'yan Nijeriya masu yawa, suka zo neman abinci. Yau a kasuwar Kasoa ana jin Twi da Fante da Ga da Ewe da Hausa da Turanci, harshen Awutu kuwa, na masu ƙasa, ya zama ɗaya daga cikin da yawa.

Rikicin filaye

Kusan kashi 80 cikin 100 na ƙasar Gana yana hannun sarakunan gargajiya da dangogi, suna riƙe da shi amana domin jama'arsu. Mai sayen fili yakan karɓi haya ce ta dogon lokaci, galibi shekara 99 ga ɗan ƙasa. Baƙo kuwa tsarin mulki na 1992 bai yarda a ba shi fiye da shekara 50 ba. A zamanin da ƙasa gona ce kawai, dattawa sun san iyakar kowa da itace ko rafi ko suri, wannan kuwa ya isa. Da ƙasa ta zama kuɗi, sai aka ga iyakokin ba a rubuce suke ba.

Gidan sarauta ɗaya yakan rabu biyu, kowane ɓangare yana cewa shi ne mai ikon sayarwa. Fuloti ɗaya akan sayar wa mutum biyu ko uku, kowa da takardarsa. Shari'ar fili a kotu takan ɗauki shekaru. Da mutane suka ga haka, sai masu hali suka koma ɗaukar samari majiya ƙarfi su tsare musu fili. Waɗannan 'yan gadin fili ba su daɗe ba suka zama hukuma da kansu. Sukan karɓi kuɗin haƙa harsashi daga wanda ya riga ya biya kuɗin filinsa, su rushe katangar wanda ya ƙi, wani lokaci har a yi asarar rai. Sunan Kasoa ya yi ta fitowa a jaridu saboda wannan. A 2019 majalisar dokokin Gana ta kafa dokar da ta haramta ƙungiyoyin 'yan banga da aikin gadin fili, a 2020 kuma sabuwar dokar ƙasa ta ƙara tsananta horon masu yin haka.

Akwai wata hasara da ta fi wannan daɗewa. Sa'ad da ake yanka filaye, kowane taku kuɗi ne, saboda haka ba a cika barin wurin makaranta ko asibiti ko filin wasa ko magudanar ruwa ba. Inda safiyo ya bar hanya a takarda, sau da yawa akan wayi gari a tarar an yi gini a kanta. Waɗansu sun yi gini a bakin rafi da cikin fadama, damina kuwa takan zo ta nemi hanyarta. Filin da aka sayar a 1995 da kuɗi kaɗan, idan hukuma tana bukatarsa yau, sai ta biya diyya mai yawa ta rushe gidan wani.

Hanya

Babbar hanyar da ta ratsa Kasoa ba ta garin kaɗai ba ce. Ita ce hanyar da ta haɗa Akara da Cape Coast da Takoradi, ita ce kuma wani yanki na hanyar bakin teku da ta taso daga Abijan zuwa Legas. Manyan motocin kaya na ƙasashe da yawa suna bin ta. A kan wannan hanya ɗaya kuma dubban mazauna Kasoa suke zuwa aiki Akara kowace safiya, su komo da dare, yawancinsu cikin ƙananan motocin haya da ake kira turoturo.

An yi ƙoƙarin faɗaɗa ta. A shekarun 2000 aka mai da yankin Malam zuwa Kasoa tagwayen hanya. A 2012 aka buɗe babbar hanyar da ta taso daga mararrabar Tetteh Quarshie zuwa Malam, wadda aka gina da taimakon Amurka aka sa mata sunan Shugaba George Bush. A ƙarshen 2016 Shugaba John Mahama ya buɗe gadar sama ta Kasoa, wadda wani kamfanin ƙasar Birazil ya gina, domin motocin da za su wuce su bi ta sama su bar kasuwa da tasha a ƙasa. Akwai kuma shingen karɓar kuɗin hanya gabas da garin, inda motoci suka riƙa yin dogon layi, har watan Nuwamba 2021 da gwamnati ta dakatar da karɓar kuɗin hanya a ƙasar duka.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ayyuka ya kawo sauƙi na ɗan lokaci. Amma sauƙin da kansa ya zama kira. Da labari ya bazu cewa hanyar Kasoa ta gyaru, sai ƙarin mutane suka sayi filaye, har can gaba da Kasoa, motoci suka ƙaru, cunkoso ya dawo. Tafiyar da ba ta kai sa'a ɗaya ba idan hanya a sake take, takan ci sa'a biyu ko uku da safe. Ma'aikaci yakan bar gida tun kafin asuba, ya komo bayan yara sun yi barci. Akwai iyayen da ba su ganin 'ya'yansu a farke sai ran Asabar da Lahadi. Wannan ma kuɗi ne da ake biya, ko da yake ba a rubuta shi a littafin haraji.

Damina takan ƙara wahala. Tuddan da suke gefen hanya tsakanin Malam da Kasoa an sare itatuwansu an yi gine-gine, ana kuma ɗiban yashi da fasa dutse. Idan aka yi ruwa mai ƙarfi, laka da yashi sukan gangaro su rufe kwalta, motoci su tsaya cik. Hanyoyin cikin unguwanni kuwa da yawansu ba kwalta ba lambatu, da rani ƙura, da damina taɓo. Saboda haka masu babur ɗin haya suka sami kasuwa, domin su ne suke shiga inda mota ba ta iya shiga.

Sha'anin ruwan sha ma haka yake. Madatsar Weija da take kan kogin Densu, wadda aka gama a ƙarshen shekarun 1970, tana kusa da garin, daga gare ta kuma yammacin Akara yake sha. Amma bututu bai bi gidaje da saurin da aka gina su ba. Unguwanni da yawa sun dogara ga rijiyar burtsatse da tankar ruwa, ruwan tanka kuwa ya fi na famfo tsada nesa ba kusa ba. Wanda ya gudo daga tsadar haya sai ya tarar da tsadar ruwa da ta mota suna jiransa.

Makarantu

Kasoa tana cikin Jihar Tsakiya, jihar da ake kira mahaifar ilimin boko a Gana. 'Yan mishan na Methodist sun sauka Cape Coast a 1835, makarantar Mfantsipim kuma, wadda aka kafa a 1876, ita ce sakandare ta fari a ƙasar. A Winneba, yamma da Kasoa, akwai babbar makarantar horar da malamai da aka kafa a 1992, wadda yanzu jami'a ce. Duk da wannan gado, yaron Kasoa bai sami kujera a aji da sauƙi ba.

A Gana makarantun gwamnati da yawa ikkilisiyoyi ne suka kafa su, gwamnati tana biyan malamai, sunan ikkilisiya yana kan allo. Daga 1987 aka yi wa makarantun Musulmi irin wannan tsari, aka kafa sashen ilimin Musulunci a ƙarƙashin hukumar ilimi, makarantun allo da yawa na zango suka haɗa karatun Alkur'ani da na boko. Har ma kalmar "makaranta" ta shiga bakin mutanen Gana da ma'anar makarantar allo. 'Yan makarantun da Kasoa ta gāda ta wannan hanya an gina su ne daidai da ƙauye.

Sa'an nan manufofin gwamnati suka buɗe ƙofa. Tsarin mulki na 1992 ya yi alkawarin ilimin farko kyauta kuma dole. A 2005 aka soke kuɗin makaranta a firamare da ƙaramar sakandare, gwamnati ta ɗauki nauyin biyan wani abu a kan kowane yaro, aka kuma fara ciyar da yara a waɗansu makarantu. Yara suka yi ta shiga. A ƙauye wannan alheri ne tsantsa. A gari irin Kasoa, inda jama'a suke ninkawa cikin shekara goma, azuzuwa suka cika maƙil. Aka koma raba yara kashi biyu, na safe da na yamma, kowane kashi yana samun rabin yini. Yaron da ba ya aji da safe, iyayensa kuma suna Akara, sau da yawa a bakin titi ake samunsa yana tallar ruwan leda tsakanin motoci.

Masu makarantun kuɗi ne suka cike gurbin. Kusan kowace unguwa tana da nata. Waɗansu suna da gini mai kyau da ƙwararrun malamai, ɗalibansu kuma suna cin jarrabawa. Waɗansu kuwa gidan haya ne aka raba da katako, malaman samari ne da suka gama sakandare suna jiran wani aiki. Uba mai ƙaramin albashi yakan biya kuɗin zango uku a shekara domin abin da doka ta ce kyauta ne. A watan Satumba 2017 gwamnatin Shugaba Akufo-Addo ta mai da babbar sakandare kyauta, ɗalibai suka yi yawa har aka raba su rukuni biyu masu shiga bi da bi daga 2018. Wannan ya sauke wa iyaye kaya mai nauyi. Amma gina sabuwar makarantar gwamnati a tsakiyar Kasoa yana bukatar fili, filin kuwa an riga an sayar.

Mulkin gari

Tsarin ƙananan hukumomi na Gana na yanzu ya fara ne a 1988, zamanin mulkin Rawlings, sa'ad da aka raba ƙasar gunduma 110, kowace da majalisarta. Kashi 70 cikin 100 na wakilan majalisa jama'a ne suke zaɓensu, ba da sunan jam'iyya ba, sauran kuwa shugaban ƙasa ne yake naɗa su. Shugaban gunduma ma shugaban ƙasa ne yake ba da sunansa, sai kashi biyu cikin uku na wakilan da suka jefa ƙuri'a su amince. Majalisa ce take da alhakin tsara gari, da ba da izinin gini, da kwashe shara, da kula da kasuwa da tasha, da gina makarantun firamare.

A wannan rabo Kasoa ta faɗa cikin gundumar Awutu-Effutu-Senya, mai helkwata a Winneba. A 2008 aka raba gundumar, Kasoa ta koma ƙarƙashin Awutu Senya, mai helkwata a Awutu Beraku, garin da bai kai ta girma ba. Sai a 2012 aka kafa Majalisar Birnin Awutu Senya ta Gabas, da helkwatarta a Kasoa. A shekarar ce kuma yankin ya sami kujerarsa a majalisar dokoki ta ƙasa. Mavis Hawa Koomson ta riƙe kujerar daga 2013, har zaɓen Disamba 2024 da Phillis Naa Koryoo Okunor ta kayar da ita.

Mai karatu ya dubi shekarun nan da kyau. Daga 1984 zuwa 2012, lokacin da aka yanka yawancin filaye aka kafa yawancin unguwanni, ofishin da yake da ikon cewa "a nan hanya za ta bi, a nan makaranta za ta zauna" yana wani gari dabam. Sa'ad da hukuma ta iso, ta tarar gari ya riga ya ginu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sabuwar majalisar ta gāji matsala biyu. Ta fari ita ce iyaka. Abin da mutane suke kira Kasoa ya fi abin da yake cikin taswirar majalisa. Gabas, gidaje sun haɗe da Amanfro, wadda take ƙarƙashin Ga ta Kudu a Jihar Akara. Kudu da yamma, Nyanyano da Buduburam suna ƙarƙashin Gomoa ta Gabas. Gari ɗaya ke nan a hannun majalisa uku da jiha biyu. An sha yin gardama a kan wanda zai karɓi haraji a unguwannin kan iyaka, mai shago yakan ga masu karɓar haraji daga ɓangare biyu, amma idan lambatu ya toshe kowa ya ce ba yankinsa ba ne. Ga shi kuma helkwatar jihar tana Cape Coast, fiye da kilomita 100 daga Kasoa, alhali rayuwar garin duka tana fuskantar Akara.

Ta biyu ita ce kuɗi. Tsarin mulki ya umarta a ware aƙalla kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigar ƙasa a raba wa majalisun gundumomi, amma kason yakan makara. Sauran kuɗin majalisa daga tikitin kasuwa da tasha da lasin shaguna da harajin gidaje yake fitowa. Harajin gidaje kuwa yana da wuyar tarawa inda tituna ba su da suna, gidaje ba su da lamba, da yawa kuma an gina su ba da izini ba. Mai gida yakan ce ba zai biya ba sai ya ga kwalta a ƙofarsa. Majalisa kuma ta ce ba ta da kuɗin kwalta sai an biya.

An yi shirin ƙuri'ar raba gardama a watan Disamba 2019 a kan shigar jam'iyyu cikin zaɓen ƙananan hukumomi, wadda aka haɗa da shawarar jama'a su riƙa zaɓen shugabannin gundumomi da kansu. Aka soke ta kafin ranar ta zo. Masu goyon bayan zaɓe suna cewa shugaban da jama'a suka zaɓa zai fi jin kukansu. Masu shakka suna cewa zaɓe ba zai haifi kuɗi ko fili ba.

Inda aka kwana

Ƙidayar 2010 ta sami mutum 108,422 a yankin da ya zama Awutu Senya ta Gabas. Ta 2021 ta sami 236,527. Garin yana da bankuna da asibitoci da manyan shaguna da masallatai da majami'u masu yawa. Dubban iyalai da ba za su taɓa mallakar ɗaki a Akara ba suna kwana a gidan kansu a Kasoa, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne. Mutanen da suka gina garin sun gina shi da guminsu, bulo bayan bulo, ba tare da jiran kowa ba. A unguwanni da yawa ƙungiyoyin masu gidaje ne suke tara kuɗi su sayi turakun lantarki, su zuba tsakuwa a hanya.

Amma abin da mutum ɗaya ko unguwa ɗaya ba su iya yi shi ne su ware filin jama'a tun ƙasa tana da araha. Wannan aikin sarki ne da hukuma, yana kuma da lokacinsa. A tsakiyar Kasoa lokacin ya wuce, abin da ya rage shi ne rushewa da biyan diyya. A kan hanyar Bawjiase da hanyar Winneba kuwa har yanzu akwai ƙauyuka masu gonakin rogo, waɗanda yawan mutanensu bai fi na Kasoa ta 1984 ba, masu sayen filaye kuma sun riga sun isa can da safiyo da turaku. Ko za a bar wa 'ya'yan waɗannan wurare filin makaranta da hanya mai faɗi, ya rataya ga abin da sarakunansu da majalisunsu suka sa hannu a kai kafin a yanka fuloti na ƙarshe.